Neman farin macijin gata, tun daga ranar da na fara rubutawa

7 ga Nuwamba 2021

Yau kwana 16 rabon da in ba macizan gatana biyu, Fara da Toka, abinci, cikinsu ya zama wayam, dan haka jibi zan fara rage musu zafi a hankali dan su shiga kwanciyar sanyi. Na ce bari in fara rubuta komai daga yau saboda wannan aikin ba na wata ɗaya ko biyu ba ne, in Allah ya kai mu zai ci shekara uku ko ma fiye, kuma kai ba ya riƙe irin wannan lissafin komai kaifinsa.

Ga wanda bai san su ba, macijin gata ɗan Arewacin Amurka ne, tun daga Kanada har a gangara Amurka ta Tsakiya ana samunsu. Siriri ne mai ratsi uku daga wuya har wutsiya, ɗaya a gadon baya biyu a gefe da gefe. Sunan zuriyar gaba ɗaya Thamnophis, kuma ire-irensu sun haura 30. Nawa Thamnophis radix ne, na filayen ciyawan tsakiyar Amurka da kudancin Kanada. Na daji ratsin bayansa ruwan goro ne ko ruwan ɗorawa, jikin kuma mai duhu da ɗigo-ɗigon baƙi, leɓensa da baƙaƙen layuka a tsaye kamar an sa alƙalami an zana.

To nawa biyun ba haka suke ba. Fara mace ce zabiya ta layin Ayowa (sunan wata jiha ce a Amurka), babu ɗigon baƙi ko ɗaya a jikinta, sai ɗorawa da ruwan goro a kan fari, idonta ja. Toka namiji ne irin wanda masu kiwo ke ce wa anari, shi kuma ja da ɗorawan ne babu, sai baƙi da ruwan toka, ratsin bayansa fari-fari mai ɗan shuɗi. A fatar maciji akwai ƙwayoyi masu yin baƙi, akwai masu yin ja da ɗorawa, akwai kuma masu mayar da haske. Zabiya ta rasa na farko, anari ya rasa na biyu. Wanda ya rasa duka biyun shi ake ce wa sino, daga sunan dusar ƙanƙara a Turanci, fari ne tas da ɗan jan ido. Shi nake nema. Ba saye nake so in yi ba, so nake in fitar da shi da hannuna daga waɗannan biyun.

19 ga Disamba 2021

Suna cikin firji a digiri 7 zuwa 8, kowa da robarsa mai huji da ɗan kwanon ruwa. Kullum da safe ina buɗe ƙofar minti ɗaya iska ta shiga, duk sati biyu in ɗora su a sikeli. Fara ta sauke giram 3 kacal, ba komai. Ba barci suke kamar matattu ba fa, in ka ɗaga murfi za ka ga harshe na fitowa a hankali kamar mai kasala. Wannan kwanciyar sanyin ita ce ke shirya jikinsu barbara, a daji ma haka suke yi. A Narcisse da ke Manitoba ta Kanada dubun-dubatar macizan gata masu jan gefe ke taruwa cikin ramukan dutse su kwana a can duk tsawon sanyi, in bazara ta shigo su fito tare, ka ga mace ɗaya maza sun nannaɗe ta sun zama dunƙule guda. Ni dai mace ɗaya namiji ɗaya gare ni, kuma haka nake so, dan in san uban kowa.

4 ga Maris 2022

Na fito da su tsakiyar Fabrairu, na mayar da zafi sannu-sannu har gefen ɗumi na akwatinsu ya kai digiri 29. Fara ta ci sau uku sannan ta yi saɓa shekaranjiya, nan take na sa mata Toka, dan ƙamshin fatar mace ya fi ƙarfi in ta yi sabuwar saɓa. Wallahi ko minti biyar ba a yi ba ya fara bin bayanta yana goga haɓarsa a gadon bayanta, jikinsa na wani irin motsi kamar igiyar ruwa. Jiya da yamma na same su a haɗe, wajen minti 20. Alhamdulillahi.

29 ga Mayu 2022

Ta haihu. Macijin gata ba ya yin ƙwai a waje, 'ya'ya yake haifa da ransu, kowanne cikin 'yar siririyar jaka mai sheƙi da yake fasawa da kai. Da asuba na leƙa na ga takardar ƙasan akwatin duk ta jiƙe, abubuwa ƙanana na ta walƙiya ta ko'ina. Na ƙirga 17 masu rai, 2 sun zo babu rai, sai ƙwai 1 da bai ɗauka ba, wani ɗan dunƙule ruwan goro mai danƙo. Kowane jariri bai fi tsawon fensir ba, giram 2 ko ƙasa da haka, kuma kafin azahar yawancinsu sun yi saɓar farko.

Duka 17 ɗin kalar daji ne. Babu zabiya babu anari, kamar ka je fili ka kamo su. Wani da ya ga hoton ya tambaye ni ko an yi asara kenan, na ce masa a'a, abin da ake jira kenan. Bari in yi bayanin nan sau ɗaya da kyau dan duk abin da zai biyo baya a kansa yake tsaye.

Kowace siffa ɗa yana karɓar kwafi biyu na ƙwayar gadonta, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Zabiyanci da anari duk masu ɓuya ne, ma'ana sai ɗa ya samu kwafi biyu iri ɗaya kafin abin ya fito a jiki, in kwafi ɗaya ne kawai to lafiyayyen kwafin da ke gefensa ya isa ya yi aikin, ba za ka ga komai ba. Fara ta ba kowane ɗa kwafin zabiya, amma Toka ya ba shi lafiyayyen kwafin yin baƙi, sai baƙi ya fito. Toka ya ba kowane ɗa kwafin anari, Fara kuma ta ba shi lafiyayyen kwafin ja da ɗorawa, sai su ma suka fito. Kowa ya toshe ramin ɗan uwansa kenan. Wanda ke ɗauke da abu a ɓoye haka het ake ce masa, nawa kuma het biyu ne, duka 17 ɗin, babu shakka a kan ko ɗaya. Dokar da Gregor Mendel ya fitar a 1866 daga shukar wake a lambunsa na Brno ita ce dai ke aiki a kan macizai. Mutanenmu na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to a nan sai ka ga ɗan kamar bai gaji kowa ba, alhali ya kwaso na uwa da na uba duka, jikoki ne za su nuna.

11 ga Yuli 2022

Sati biyun nan ban ji daɗinsu ba. Jarirai 13 sun karɓi yankakkiyar tana tun satin farko, 4 suka ƙi, ba sa kallon komai sai ƙananan kifi masu rai a kwanon ruwa. Na san maganar cewa wasu kifayen, irin jan kifin ado da 'yan ƙananan da ake sayarwa dan ciyar da dabbobi, suna da wani sinadari mai lalata bitamin B1 a jiki, amma na ce na ɗan lokaci ne har su saba da ci. Ɗan lokacin ya zama sati biyar. Ranar Laraba na ga ɗaya yana karkatar da kai yana juyawa rigingine, in na mayar da shi daidai ya sake kifewa. Jikina ya yi sanyi. Likitan dabbobi ya ba shi B1, cikin kwana biyu ya dawo daidai, amma da na ƙara kwana uku ban lura ba da na rasa shi, kuma laifina ne ba na kowa ba.

Yanzu na daina kifi mai rai kwata-kwata. Karfasa nake yankawa siri-siri in haɗa da gutsuren jaririn ɓera a faranti ɗaya, ƙarnin kifin ya kama naman, su haɗiye ba su sani ba. Burina kowa ya koma ɓera zalla dan shi ne cikakken abinci, da ƙashi da hanta da komai. Tana ma ba kowace ba, jajayen nan ƙanana na cikin takin da ake ruɓarwa ba a ba macijin gata su, manyan na cikin ƙasa ake nema. Sannan in ana ba su abinci ba a matsawa ko nan da can, biyu sai su kama yanka ɗaya kowa ta gefensa, babban ya ci gaba da haɗiya har kan ƙaramin. Sau biyu ina raba su.

20 ga Agusta 2022

Na zaɓi waɗanda zan riƙe, mata 3 maza 2. Gane su sai an juya wutsiya, ta namiji ta fi tsawo kuma gindinta da kauri, ta mace gajera ce tana sirancewa nan da nan. Sauran 12 na ba masu kiwo, kowane da takardarsa: ranar haihuwa, uwa, uba, het zabiyar Ayowa, het anari.

Kuma na kawo sabon namiji, na sa masa suna Baƙo. Zabiya ne, mai sayarwan ya ce na layin Ayowa ne. Dalilin kawo shi jini ne. Dan in samu sino dole in haɗa wa da ƙanwa, sau ɗaya ba wani abu ba ne amma in aka ci gaba da yi zuriya bayan zuriya sai ka fara ganin karkataccen ƙashin baya, ƙananan haihuwa, jarirai marasa ci. Misalin da kowa ke bayarwa shi ne macijin gata na San Faransisko, mai shuɗi da ja da baƙi, wanda mutane da yawa ke cewa babu mai kyansa a Amurka. Tun 1967 yana cikin jerin dabbobin da ke dab da ƙarewa a can, doka ta hana kama shi ko ajiye shi, waɗanda ake kiwo a Turai kuma daga 'yan tsirarun iyaye suka fito, babu hanyar samun sabon jini, masu kiwonsu na ta fama da raunin zuriya. Ni ban so nawa su kai can. Shirin shi ne Baƙo ya hau Fara a bazara mai zuwa, in samu zabiyoyi masu rabin jini daban in ajiye dan gaba. Yanzu yana ɗaki daban, wata uku zai yi a keɓe kafin ya kusanci kowa.

12 ga Maris 2023

An gama sanyi lafiya. Baƙo ya hau Fara ranar 9, na gani da idona. Zabiya da zabiya, lissafin babu wuya, duk 'ya'yan zabiyoyi za su zo.

6 ga Yuni 2023

Fara ta haifi 14, duka da rai. Babu zabiya ko ɗaya.

Na daɗe tsaye a gaban akwatin nan. Na ɗauke su ɗai-ɗai na duba a hasken taga ko idona ne, to ina, ga baƙin ɗigo ga layukan leɓe ga baƙin ido, kalar daji sak irin na bara. Uwa babu baƙi, uba babu baƙi, daga ina baƙin ya fito?

Na kwana ina juya abin, amsa biyu ce kawai ke iya zama kuma kowacce tana da ƙafar tsayawa. Ta farko, Baƙo ba ɗan Ayowa ba ne. A wannan irin na radix akwai layin zabiya biyu sanannu, Ayowa da Nebraska (ita ma jiha ce a Amurka), kuma ba sa haɗuwa. Abin da mutane ba su cika ganewa ba shi ne zabiya ba ƙwayar gado ɗaya ba ce, suna ne kawai na abin da ido ke gani. Yin baƙin launi aiki ne mai matakai, akwai sinadarin da ke fara haɗa shi, akwai masu ɗaukarsa su kai inda za a ajiye, kowane mataki da ƙwayar gadonsa. In mataki ɗaya ya lalace a uwa, wani mataki daban ya lalace a uba, ɗa zai karɓi lafiyayyen kwafi na kowane mataki daga ɗaya ɓangaren, sai aiki ya tafi daidai baƙi ya fito. Daidai abin da ya faru tsakanin Fara da Toka bara, sai dai wannan karon ban shirya masa ba.

Amsa ta biyu ita ta fi ci min rai dan daga hannuna take. Bayan haihuwar bara na mayar da Toka akwatin Fara suka zauna tare har Nuwamba, saboda macizan gata suna son zama da 'yan uwansu, ka same su a lanƙwashe waje ɗaya ko da akwai maɓoya uku. Na manta, ko in ce na raina, cewa suna barbara da kaka ma, mace ta ajiye maniyyin a jikinta duk tsawon sanyi sai bazara ta yi amfani da shi. Sanannen abu ne a kansu, har haihuwa ɗaya takan zo da uba fiye da ɗaya. To in Toka ya riga Baƙo tun Oktoba, waɗannan 14 ɗin 'ya'yansa ne, kuma 'ya'yan Toka da Fara kalar daji suke zuwa. Duk hanyar da ka bi kala ɗaya za ka tarar, ido ba zai raba maka gardama ba.

25 ga Yuni 2023

Na ajiye Fara da Baƙo gefe da gefe a farar roba na kai su hasken rana na yi ta kallo. Da ban taɓa yi musu irin wannan kallon ba, na ga zabiya na ji an ce Ayowa na yarda. Idon Fara ja ne mai haske kamar ka hango jini ta cikinsa. Na Baƙo ja ne mai duhu sosai, sai haske ya bugi gefensa za ka san ba baƙi ba ne. Inda ɗigon baƙi ya kamata ya kasance, a jikin Fara fari ne mai ɗan ruwan hoda, a jikin Baƙo kuwa wani ruwan ƙasa ne mai haske kamar an wanke. Wannan ya fi kama da yadda ake siffanta 'yan Nebraska. Zuciyata ta karkata can amma karkatar zuciya ba hujja ba ce.

Na tuntuɓi wanda ya sayar min, cikin mutunci, na ce ko yana da bayanin iyayen. Ya ce shi ma haka aka ce masa. Shi kenan amsar. Ban ce ya yi da gangan ba, amma abin nan yana ɓata min rai a harkar kiwo, mutum ya karɓi suna a baki ya miƙa wa na gaba ba takarda ba komai, wanda ya saya ya gina shirin shekara biyu a kai. Shi ya sa waɗannan 14 ɗin da zan bayar abu ɗaya na rubuta a takardarsu, het zabiyar Ayowa daga uwa, uba ba a tabbatar ba. Wani ya ce in rubuta het biyu mana tunda ko Toka ne ko Baƙo ai akwai abu na biyu a ɓoye. Na ce het na me? Wanda zai saya yana neman anari ya tarar da Nebraska, na yi masa abin da aka yi min kenan.

18 ga Nuwamba 2023

'Yan 2022 sun shiga sanyi karon farko. Matan uku sun kai giram 96, 104 da 118, mazan wajen 45. Maza da mata a rabe suke tun suna wata huɗu. Fara ba za ta haihu baɗi ba, shekara biyu a jere ta isa, ta huta ta mayar da jiki.

Shirin bazara: mata biyu za su samu 'yan uwansu maza, neman sino. Ta ukun, wadda nake ce wa Mai Ɗigo saboda wani ɗigon ɗorawa a ƙeyarta, Baƙo zan ba ta. Ba ta taɓa zama da namiji ba tunda ta girma, kuma na tabbata het ɗin Ayowa ce. In Baƙo Ayowa ne rabin 'ya'yan za su zo zabiyoyi. In babu ko ɗaya to magana ta ƙare.

16 ga Maris 2024

Duka ukun an yi barbara cikin kwana tara. Na zauna na zana teburin lissafin gadon nan mai gida 16 da ake kira da sunan Punnett, duk da na san amsar, ina son ganinsa a takarda. Het biyu da het biyu: cikin 16, gida 9 kalar daji, 3 zabiya, 3 anari, 1 sino. Amma 1 cikin 16 ba alkawari ba ne cewa in an haifi 16 ɗaya zai zo fari, kowane jariri ƙuri'arsa daban. Na buga a kalkuleta, ko 16 cif aka haifa damar a samu aƙalla sino ɗaya wajen kashi 64 cikin 100 ce, in 12 ne ta sauko wajen 54. Haihuwar fari kuma ba ta cika yawa ba. Dan haka na sa mata biyu.

3 ga Yuni 2024

Babbar macen ta fara haihuwa, 13. Kalar daji 8, zabiya 3, anari 2. Babu sino. Amma wallahi ganin zabiyoyin nan da anari sun fito daga iyaye biyu masu kalar daji, abin da na rubuta a takarda shekara biyu da suka wuce ga shi yana motsi a tafin hannuna, na ji wani abu a ƙirjina. Launin Fara da na Toka ba su je ko'ina ba, sun tsallake 'ya'ya sun faɗo kan jikoki.

Wani lissafin da ya kamata mai saye ya sani: zabiyoyin nan uku kowanne yana iya zama het anari, damar 2 cikin 3 ce, shi ne abin da ake rubutawa het kashi 66. Ba wai yana ɗauke da kashi 66 na abin ba ne, ko yana da shi ko babu, mu ne ba mu sani ba sai an gwada shi da barbara.

9 ga Yuni 2024

Mai Ɗigo ta haifi 12. Zabiya babu. Da Baƙo Ayowa ne, a ce 12 a jere duk su kauce wa zabiyanci damar 1 cikin 4096 ce. Na goge Ayowa daga katinsa. Na rubuta zabiya, ba Ayowa ba, ana kyautata zaton Nebraska, dan gwajin nan abin da ya nuna kenan, bai nuna fiye da haka ba. Sai na samu tabbatacciyar 'yar Nebraska na haɗa su kafin in cire kalmar zato. Su kuma 14 ɗin bara har yanzu ban san ubansu ba, Baƙo na iya zama, Toka na iya zama, suna iya rabawa.

Abin da ya ɗan sanyaya min rai, sabon jinin da na kawo shi dominsa ya shigo dai. 'Ya'yan Mai Ɗigo manya ne, giram 2 da rabi zuwa 3, sun fi na sauran kuzari. Sai dai yanzu akwai layin zabiya na biyu a ɓoye cikinsu duka, dole katinsu ya zama daban da launin alƙalami daban kar wata rana su cakuɗe da 'yan Ayowa zalla.

14 ga Yuni 2024

Ƙaramar ta haihu da daddare, 11. Ina ɗaga ɓawon itacen da suke ɓuya a ƙarƙashi na ga kalar daji, kalar daji, anari, sai wani abu a can ƙasa kamar zaren auduga. Na ɗauka saɓa ce wani ya yi. Sai ta motsa.

Jaririyar fara ce sol, fatar har ɗan ruwan hoda take saboda jinin da ke ƙarƙashi, in ka ɗaga ta a haske kana hango duhun 'yar matsarmamarta ta cikin ciki. Ratsin bayan yana nan amma fari a kan fari, sai ka karkata ta kake ganinsa kamar zanen da aka yi da ruwa. Na ajiye ta kusa da zabiyar da aka haifa tare da ita dan in tabbata, ita zabiyar ratsinta ɗorawa ne ƙarara, wannan babu ko alama. Ana cewa kyan ɗan maciji in ana nufin kyau mai cutarwa, wannan kam kyan ne kawai, ko cizo ba ta iya ba. Lissafin haihuwar: kalar daji 6, anari 3, zabiya 1, sino 1. In aka haɗa da na babbar, 24 kenan: 14, 5 anari, 4 zabiya, 1. Kusan yadda teburin ya faɗa.

Mace ce a ganina, zan sake duba wutsiyar in ta ƙara girma. Giram 1.6, ita ce mafi ƙanƙanta a cikinsu, kuma wannan ne ya hana ni sakin jiki.

2 ga Yuli 2024

Kwana 18 ba ta ci ba. Kowa ya ci sai ita. Na gwada tana, na gwada karfasa, na gwada barin ta da abincin cikin ƙaramin kofi mai murfi na awa ɗaya. Tana zuwa ta taɓa da harshe ta juya. Na lura in fitila na kunne ba ta fitowa sam, idon da babu baƙi a cikinsa haske yana damunsa, zabiyoyin ma haka suke amma nata ya fi. Na cire fitilar saman akwatinta na bar ɗumin ƙasa kawai, na ƙara mata ganyen roba ta samu inuwa, na rage leƙa ta duk da raina na so.

8 ga Yuli 2024

Ta ci. Da magariba ne ɗakin ya yi duhu-duhu, na riƙe guntun tana da hantsaki ina ɗan girgiza shi a bakin maɓoyarta, kai ya leƙo, harshe sau uku, sai ta cafke ta ja baya da shi ciki. Na tsaya ban motsa ba har ƙafata ta yi tsami dan kar ta tsorata ta amayar.

24 ga Agusta 2024

Ta ci sau 11 a jere, ta yi saɓa biyu, giram 5 yanzu, ta fara karɓar gutsuren ɓera in an goga masa tana. Na bi ƙashin bayanta da yatsa daga wuya har wutsiya babu karkata. Mace ce tabbas. Ɗan ruwan hodan ya fara raguwa tana ƙara fari yadda fata ke kauri, ina ɗaukar hotonta duk bayan saɓa a kan farar takarda ɗaya a haske ɗaya dan in ga ko ɗorawa za ta ɓullo a gefen wuya in ta girma.

Ba zan haɗa ta da ɗan uwanta ba, wa da ƙanwa sau ɗaya aka yi kuma ya isa. Ina neman namiji anari ko het daga wani gida da ba shi da alaƙa da Toka, wanda mai shi zai iya nuna min iyaye da kakanni a rubuce, in babu takarda ba na so ko kyauta ne. Akwai lokaci, ba za ta kai haihuwa ba sai 2026, in jikinta bai cika ba 2027. Zabiyoyi biyu mata na riƙe, anari ɗaya namiji, da biyu daga 'ya'yan Mai Ɗigo masu katin jan alƙalami. Fara ta kai giram 190 bayan hutun, gobe ranar wanke akwatuna ce da awon kowa.